Tukunyar da Ba Ta Taɓa Ganin Nama Ba

Ba zan tsaya ba ku labarin koke-koken rabuwa ba, kowa ya san yadda ake yin su. Labarina ya fara ne daga inda wani ma'aikacin filin jirgi a Amurka ya buɗe akwatina, ya zaro ƙullin kilishin da Baba ya yi min da hannunsa, ya jefa a kwandon shara yana ba ni haƙuri. Kuka da kuɓewa da daddawa duk ya bar min su. Na tsaya ina kallon kwandon nan kamar in faɗa ciki in ɗauko abina. A ranar na fara jin haushin ƙasar, tun ban ga ko titinta ba.

Sunana Rakiya. Shekara tara na yi ina aikin jinya a Zariya kafin ƙuri'ar biza ta faɗo kaina. Amma kafin in zama nas, ni 'yar mahauta ce, uba da kaka. A gidanmu in aka kawo wa baƙo abinci babu tsoka a kai, to an zage shi ne. In mutum ya kwanta ciwo, kafin a tambayi abin da likita ya ce an riga an ɗora romo a wuta. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya kai ni ya baro.

Zangona na farko Mitchellville, gidan Anti Laraba. Dangantakarmu irin wadda sai an zauna an baje ta ce, ƙanwar matar kawun Innata. Gida ne bene, ga ciyawa shimfiɗe a gaba, unguwar kuma tsit, ko kukan akuya ba ka ji. Anti ta tarbe ni hannu bibbiyu, ta ce in huta, zancen jarrabawar da sai na ci kafin a bar ni in taɓa majinyaci a ƙasar nan ita za ta tsaya min. Na huta kwana uku. Rana ta huɗu ta nuna min yadda ake kunna murhu, ta biyar ta nuna min injin wanki, ta shida ta miƙo min makulli ta tafi aiki ta bar ni da yara uku. In na ce su zo su ci abinci sai su amsa min da Turanci ta hanci, in yi ta cewa "na'am?" har su gaji su sa dariya.

Wata bakwai ina tuƙa tuwo. Duk sanda na ce, "Anti, zancen jarrabawar nan fa?" sai ta ce, "Ke dai Rakiya gaggawa gare ki. Nan Amurka ce, komai da furoses ɗinsa. Bari mu ga ƙarshen wannan simesta." Ba muguwa ba ce, Allah ya sani. Ta dai samu mai tuƙa mata tuwon shinkafa ba gudaji, kuma ba ta ga dalilin sakinta ba.

A wurin wani suna na haɗu da wani ɗan garinmu, mai babbar riga da daɗin baki, ya ce yana da hanya a wani asibiti cikin birnin Washington. Na ba shi abin da ya nema, har da godiya. Ranar da na je adireshin da ya rubuta min, sanye da fararen takalmana na aiki, sai na tarar ɗakin cin abinci ne a ƙarƙashin wani ginin gwamnati a unguwar Southwest, suna neman mai wanke tukwane. Aiki ne da kowa zai iya shigowa daga titi ya nema ba tare da ya san kowa ba. Na kira lambar mutumina, a kashe. Na tsaya na yi shawara da zuciyata, ko in koma wa tukwanen Anti ko in kama waɗanda ake biya. Na ɗaura gyale a ƙugu na kama.

Wannan shi ne zango na biyu. Bas nake hawa, in hau jirgin ƙasa, in sauka in canza wani kafin in iso. Da azahar ma'aikata ke saukowa da kati a wuya, kowa na ci yana duba waya, babu mai ce wa wani sannu. Ni kuwa ina can ciki, hannu a ruwan zafi, ina tuna yadda a Zariya manyan mutane ke miƙewa su ce min Sista. Kewar gida ta fi kama ni a daidai lokacin, in na tuna yanzu can an idar da isha'i, Inna ta baje tabarma a tsakar gida.

A satina na biyu yunwa ta ci ni, na ga ragowar wata tukunyar wake, ja-ja da ita, sai ƙamshi take. Na ce wake dai wake ne ko a ina. Na ɗebo a cokali, na kai baki kenan sai na ji an doke min hannu, cokalin ya yi tsalle ya faɗi can gefe. Na juyo a fusace, sai na ga wata 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba, gashinta fari sol cikin raga.

"Alade," ta ce tana nuna tukunyar. Ta nuna ɗankwalina. "Ke, a'a."

Ta tafi ta dawo da kwano, shinkafa da ganye, ta ajiye a gabana ta koma bakin aikinta ba ta jira godiya ba. Sunanta Lan, 'yar ƙasar Biyetnam, ita ke riƙe da sashen kayan lambu tun kafin a haifi rabin ma'aikatan wurin. Kowa da sunanta yake kiranta gatsal, har waɗanda ta yi jika da su. Ni bakina ya ƙi, na ce Mama Lan. Ta tambayi dalili, na ce a garinmu ba a kiran babba haka. Ta ce garinku akwai tarbiyya.

Turancinta a karye, nawa a gurguje, amma mun fahimci juna. Ita ta koya min duba bayan leda, ta nuna min kalmomin da in na gani in ajiye, har alewar da ba za ka taɓa zargi ba. In zan yi sallar azahar a sito, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana fere karas, duk wanda ya zo wucewa ta ce masa ya dawo an jima. Wata rana ta same ni ina gyangyaɗi a tsaye, ta tambayi inda nake kwana. Da na lissafa mata bas da jirage, ta girgiza kai.

"Ina da ɗaki a ƙasan gidana, a Annandale. Ba kowa. Zo." Ta ɗaga yatsa. "Doka ɗaya. Kicin ɗina na sama, nama ba ya shiga. Kifi ba ya shiga. Duk abin da ke da ido ba ya shiga. A ƙasa, ci abin da kika ga dama."

Na ce na yarda. A raina kuwa na ce tsirfa, baiwar Allah da kuɗinta tana horar da kanta.

Annandale ce zango na uku, kuma a nan ne na fara barci mai suna barci. Unguwa ce da rabin allunan shagunanta ba da haruffan boko aka rubuta su ba. Mama Lan ta sa na rage kwanakin aiki na sayi littattafan jarrabawar. Da yamma sai ta riƙe littafin tana jefo min tambayoyi, tana karanta sunayen magunguna yadda ko wanda ya haɗa maganin ba zai gane ba. In na faɗi daidai ta ce "wuce," in na kuskure ta buga tebur.

Wata Asabar ta ja ni kasuwa, ta ɗauko wani abu fari mai kama da albasar da ta yi ƙiba, da dogayen hannuwa da ganye siri-siri. Ta ce sunansa fenel. Ta murje ganyen ta kai min hanci. Wallahi sai na ji ni a shagon maganin Musulunci na bakin kasuwarmu, inda Inna ke aike na sayo shammar in cikin jariri ya kumbura. Ashe 'ya'yan muka sani, wannan uwarsu ce. Shekara talatin da ɗoriya ina shan 'ya'yan, ban taɓa tambayar ina uwar take ba.

Da muka dawo ta sa na sauko mata da wata baƙar tukunyar ƙarfe mai faɗi, wadda sai da hannu biyu ake ɗaga ta. Ita ce abu na farko da ta saya da ta zo ƙasar. Ba a sa mata sabulu, ruwan zafi kawai, a goge a shafa mai.

"Ƙarfe yana riƙe abin da aka dafa a cikinsa," ta ce tana shafa bakin tukunyar. "Wannan ba ta taɓa ganin nama ba."

Ta yanke hannuwan fenel ɗin ta ajiye ganyen gefe, ta raba kowane kai gida shida daga sama zuwa ƙasa, ta bar gindin a jiki don kada ya tarwatse. Ta narka man shanu da man zaitun, ta jera yankan a kwance ɗaya bayan ɗaya. Ni hannuna ya saba da juya miya, na kai ludayi, ta sake doke ni.

"Bar shi. Sai ya yi ja."

Muka tsaya muna kallonsa har raina ya fara ɓaci. Sai da gefen ya yi ja kamar na wainar da ta ji mai, sannan ta juya ɗaya ɓarin. Ta jefa tafarnuwa da gishiri da masoro, ta zuba romon ganye da ta dafa tun safe da karas da albasa da guntattakin kayan lambu, daidai rabin tsayin yankan.

"A nan, wanda ya koya min girkin nan, farar giya yake zubawa," ta ce. "Ni ma haka nake yi a da. Yanzu kina gidan." Ta matsa lemon tsami a madadinta.

Ta rufe, ta rage wuta can ƙasa, kusan awa guda. Sannan ta buɗe ta bar ruwan ya tsotse har ya yi kauri yana sheƙi, ta ƙara ɗan man shanu, ta goga cuku a kai, ta barbaɗa yankakken ganyen. Muka ci da farin wake da burodi.

Gaskiya ya yi daɗi. Ya yi laushi har cokali na yanka shi, kaifin ƙamshin ya kwanta ya koma zaƙi-zaƙi, mai ya ratsa ko'ina. Na suɗe kwano tas. Amma hali zanen dutse, sai da na ce, "Mama, da an jefa ko ƙashi ɗaya ne a ciki, da an gama magana." Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Na tambaye ta me nama ya yi mata. Ta ce dogon labari ne, in ci abincina.

Da sanyi ya shigo, wata safiya ta fita kai shara, ƙanƙarar bakin ƙofa ta kwashe ta. Ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi aiki, ta yi makonni a asibiti, aka dawo da ita gida a keken marasa lafiya. Ɗanta guda ɗaya, Tuan, magidanci ne a wata jiha mai nisa. Ya zo ya yi sati, aikinsa ya kira shi, ya riƙe hannuna a bakin mota ya ce, "Ke nas ce, na bar miki ita." Na ce ya tafi da kwanciyar hankali.

Ba ta cin abinci. Cokali biyu ta ture, ta ce magunguna sun kashe mata baki. Na ja fatar idonta na duba, fari fat. Ciwon ya ƙi haɗewa da wuri. Likita ya rubuta ƙwayar ƙarin jini da wata madarar gwangwani, ya ce a dage da wake da ƙwaya-ƙwaya, a hankali za ta dawo. Nas ɗin da ke cikina ta san wannan ya isa. 'Yar mahautan ce ba ta yarda ba. Kullum na kalli wuyanta da ya zama kamar sillen kara sai in ji muryar Baba yana cewa, mutum na kwance ba a ɗora masa romo ba, ku wane irin mutane ne?

Ranar wata Lahadi na je shagon halal na sayo jelar saniya da ƙashin ɓargo. Na ɗora a ɗakina na ƙasa tun safe, na buɗe taga don kada ƙamshin ya hau sama. Na kwashe kitsen, na tace sau uku da sabon ɗankwali har romon ya yi garau. Na zuba a fulas na hau da shi. Na soya fenel yadda ta koya min, a tukunyarta, da aka zo wurin zuba romon ganye sai na buɗe fulas. Na ƙara lemon tsami da ganye don su rufa min asiri.

Ba zan ce ban san laifi nake yi ba. Wanda bai san yana laifi ba, ba ya buɗe taga a cikin wannan sanyin.

Ta kai cokali na farko, ta ɗan dakata, ta dube ni. Sannan ta ci gaba. Ta cinye tas, ta sa burodi ta share kwanon.

"Naki ya fi nawa," ta ce. "Me kika sa?"

"Hannu ne kawai, Mama."

Daga nan ya zama sau biyu a sati. Kumatunta suka fara dawowa, ciwon ya haɗe, ta bar keke ta kama sanda. Ko romon ne, ko ƙwayoyin likita, ko lokaci ne ya yi, Allah kaɗai ya sani. Ni dai na ɗauka aikina ne. Tsoron ranar farko ya tafi, har na fara ganin kaina wadda ta ceci rai, ina tausayin Turawa da likitocinsu da ba su san romo ba.

A falonta akwai ɗan tebur da hoton wata ƙaramar yarinya, kullum da lemo a faranti da turaren tsinke. Na sha goge ƙurar wurin ban tambaya ba. Wata safiya bayan sanyi ya wuce, ta kira ni ta ce in zauna kusa da teburin.

"Kin taɓa tambayata me nama ya yi min," ta ce.

Ta ba ni labarin da kaɗan-kaɗan, tana neman kalmomi. Bayan yaƙin ƙasarsu ta gudo a kwalekwale da 'ya'ya biyu, Tuan da ƙanwarsa. Ruwan sha ya ƙare a tsakiyar teku. Yarinyar ta rasu a cinyarta, aka sa ta a ruwa. Tuan ma ya daina kuka, idonsa ya kafe. A nan ta yi alkawari, in aka bar mata wannan ɗaya, babu abu mai rai da zai sake shiga bakinta har ta mutu. Washegari wani jirgin ruwa ya tsince su.

Bakance kenan. Mu ma mun san shi, mun san nauyinsa. Addininta daban, wanda ta yi wa alkawarin daban, amma uwar da ta sa 'yarta a teku ba sai an yi min tafsirin abin da ta riƙe ba. Nan take na tuna fulas ɗina. Ita kuwa ta ci gaba da magana tana murmushi. Lahadin sama ce ranar tunawa da yarinyar, a wurin ibadarsu ake kai abinci a ciyar da jama'a. Bana ba za ta iya doguwar tsayuwa ba.

"Ke za ki dafa. Fenel, irin naki. Ban da tafarnuwa, malamanmu ba sa ci. Ni zan zauna in kalla, in rubuta. Ina son in san sirrin hannun nan."

Hanyar tsira a buɗe take, kuma na gan ta sarai. In dafa da romon ganye a gabanta, in ɗanɗano ya bambanta in ce rashin tafarnuwa ne. Ba mai sani har abada. Na kira Anti Laraba don in ji an faɗa min abin da nake son ji, ba ta kuwa ba ni kunya ba.

"Ke ma dai da neman magana. Ta warke ko ba ta warke ba? To ki ja bakinki ki yi shiru. Ƙasar nan fa kan ƙaramin abu sai ki ji ki a kotu, ki rasa lasin tun ba ki samu ba, ki rasa ɗakin. Ni dai na gaya miki, oke?"

Na ce to. Amma abinci ya ƙi shiga cikina kwana biyu, sai na kira Inna. Bayan mun gaisa, ta ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, na zayyana mata komai. Da na gama sai ta jefo min tambaya.

"Ba ita ce kika ce ta doke miki cokali ba?"

"Ita ce, Inna."

"To ita ta tsare miki bakinki, ke kika zagaya ta baya kika buɗe nata. Rakiya, ubanki tun yana saurayi yake yanka, bai taɓa sayar wa mutum akuya da sunan rago ba."

"Inna, don ta warke na yi."

"Na sani. Je ki gaya mata hakan. Ita ke da ikon cewa ya isa hujja ko bai isa ba, ba ke ba."

Ranar Asabar da hantsi fenel ya cika tebur. Mama Lan ta zauna a kujera da tabarau da ɗan littafi, sandarta jingine a gefe. Har lokacin ban yanke shawara ba, kada ku ɗauka jaruma ce ni. Na yanka, na narka mai, na jera, na bar shi ya yi ja, na juya. Tana ta rubutu tana gyaɗa kai. Da aka zo wurin zuba ruwa, ta ɗaga biro ta dube ni da fuska a sake.

"To, yanzu sai me?"

Na kashe murhu. Na durƙusa a gabanta yadda ake durƙusa wa uwa, na faɗa mata. Jela, ɓargo, taga, ɗankwali, fulas, ban rage komai ba. Na ce don ina tsoron kada ta mutu ne. Da na faɗi hakan da bakina sai na ji yadda ya yi ƙanƙanta.

Ba ni ta kalla ba, tukunyar ta kalla.

"A cikin wannan?"

"E, Mama."

"Sau nawa?"

"Goma sha ɗaya."

Ta cire tabarau ta naɗe a hankali. "Ranar farko cikina ya gaya min," ta ce. "Na ce masa ƙarya kake, Rakiya ba za ta yi ba." Ta nuna kabad ɗin sama da haɓa. "Kwalbar giyar girkina tana can. Tun da kika shigo gidan nan ban buɗe ta ba, ko ranar da ba kya nan. Na ce kada ki dawo da yunwa ki buɗe firij ki ci saura."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta dafa sanda ta miƙe, na kai hannu zan taimaka ta kauce. Ta shiga ɗaki ta rufe. Ta bango na ji ta kira Tuan a waya. Ba na jin yarensu, amma tambaya ɗaya take maimaitawa, kuma duk wanda ya yi jinya ya san muryar uwar da ke tambayar ɗanta ko lafiyarsa ƙalau. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka har fenel ɗin ya huce a cikin mai.

Washegari lemo kawai ta kai wurin ibadar. Bayan kwana biyu ta gaya min, ba tare da ta dube ni ba, cewa babban malaminsu ya ce abin da ta ci ba da saninta ba bai karya alkawarinta ba. Na ce alhamdu lillahi. Ba ta kore ni ba, ba ta gaya wa Tuan ba, ba ta kai ni ko'ina ba. Da yamma ta ɗauko littafina ta ci gaba da jefo min tambayoyi kamar kullum. Abu ɗaya ne ya canza, ba ta sake cin abin da na dafa ba. Ko shayi na haɗa sai ta ce ta gode, ta bar shi ya huce, an jima ta dafa sanda ta je ta haɗa nata. Baƙar tukunyar kuma ta koma can ƙasan kabad, ta sayi wata 'yar fara mara nauyi.

Na ci jarrabawar. Na samu aiki a wani asibiti a Maryland, nesa da Annandale, dole in tashi. Ranar da na haɗa kaya, na fito na same ta a bakin ƙofa da wani abu naɗe a jarida a ƙasa kusa da ƙafarta. Da ƙafa ta turo shi tun daga kicin.

"Ɗauki. Ni ba zan iya dafawa a ciki ba, kuma ba zan iya jefar da ita ba."

Na ɗaga, nauyin ya gaya min ko mene ne. Na ce, "Mama, kin yafe min?"

"Kin so in rayu. Na sani. Na yafe tuni." Ta dubi naɗin jaridar da ke hannuna. "Bakina ne bai manta ba. Shekarun nan duk ban taɓa kwaɗayin nama ba, ko a mafarki. Yanzu ina yi. Kullum."

Ta miƙa hannu ta gyara min gyalen da ya zame, ta ce, "Kada ki sa mata sabulu."

Tukunyar tana nan a kicin ɗina. Na dafa fenel a cikinta ya fi a ƙirga, da romon ganye da lemon tsami, kuma na gano in ka bar shi ya yi ja sosai, ka ba shi awarsa, ba ya neman taimakon ƙashin kowa. Tun ina yarinya nake jin mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, sai ga shi ganye ma ban iya yi wa haƙuri ba. Ni 'yar mahauta, ban sake bari ko tsoka ɗaya ta kusanci tukunyar nan ba. Na ƙona ta da gishiri, na wanke da tafasasshen ruwa, na shafa mai, na sake. Amma duk sanda na ɗaga murfin tururi ya bugi fuskata, sai in ji ƙamshin jelar saniya can ƙasa-ƙasa. Duk wanda na ba ya shinshina sai ya ce shi bai ji komai ba. Ni ina ji.